Wa ake biya idan gona ta canza hannu? Tarihin kuɗin takardar ƙasa a Agye, Gazawa da Gidan Rumji



Duk wanda ke bin kwalta daga Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri da Maradi, ya miƙe Cadawa da Agye har Gazawa, ba sai an gaya mishi ba. Gonakin bakin hanya suna ta komawa filayen gini. Inda muka saba ganin gero da aya, yau ƴan duwatsun siminti ne a jere, wani wurin har an zagaye da bulo. Can cikin karkara ma cinikin gona ya zama ruwan dare. Kuma duk cinikin da aka ƙulla, da an gama tafa hannu sai tambaya ta taso: wace takarda za a yi, nawa za a biya, wa za a biya? Maigari na da nashi, Kofo na da nata, gidan magajin gari na da nashi, ofishin haraji na jira, noter ma na jira a Maradi. Mu kuwa mun haɗa su duka mun ba su suna guda, wai "kuɗin takarda".

To, ba abu guda ba ne. Wani kuɗin goro ne, wani ladan aiki ne, wani kuma haraji ne na gaske da ke shiga baitulmalin ƙasa don dukiya ta canza hannu. Kowanne da zamanin da ya haife shi. Sawunsu muke son mu bi yau, don rashin bambance su yana sa mutum ya biya kuɗi ya koma gida yana zaton ya tsare gonarsa, alhali takardar da ke aljihunsa ba ita za a tambaya ba ranar da rigima ta tashi.

Mu faro daga lokacin da ƙasa ba ta da farashi. A watan Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya taso daga Tasawa ya yada zango a Gazawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina. Gari ya tarar mai kafi da rami kewaye, mutane a cunkushe ciki, sannan daga nan zuwa ƙasar Katsina daji ne mai faɗi wanda ayari ke ratsawa da fargaba. Dalilin sananne ne. Tun da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Birnin Katsina wajen 1807 suka zo suka kafa Maradi, sannan Gobirawa a ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, wannan yanki namu ya zama bakin daga. Manomi ba ya nisa da ganuwa. Ƙasa na nan birjik, abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da zai noma ta da kwanciyar hankalin noman.

A irin wannan hali wa zai sayi gona? Mai son wuri sai ya je wajen maigari ko wajen gidan da kakanninsu suka fara saran dajin, ya kai gaisuwa, a nuna mishi inda zai sara, da kaka ya kai dami. Gona kan bi ta gado, ta aro, ta kyauta, ko ta jingina idan an matsu. Gandu na gida ne duka, maigida ke riƙe da shi, mata da samari na da gamanarsu. Shaida kuwa mutane ne: maƙwabcin iyaka, liman, dattawan gari, sai gambar da aka dasa a kan iyaka.

Sarauta na karɓar nata, amma a kan kai, a kan amfanin gona, a kan dabba: zakka, jangali, kuɗin ƙasa. Shi Barth ɗin ya rubuta cewa a ƙasar Kano kowane maigida na biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa. Sunan ne na ƙasa, amma magidanci ake ƙirgawa, ba faɗin gona ba. Abu guda da ya yi kama da harajin canjin hannu shi ne ushira, ɗaya cikin goma da mai raba gado ke ɗauka daga dukiyar mamaci. Ku riƙe wannan kalmar, za ta dawo.

Shi kuwa harajin da ake biya don an rubuta ciniki, asalinsa Faransa ne, ko da yake mu da muka yi lakol da Faransanci ba a taɓa koya mana shi a darasin tarihi ba. A can, tun zamanin da, idan talaka ya sayar da gona sai ubangidan ƙasar ya yanki rabonsa cikin kuɗin. A watan Disamban 1703 sarki Luwi na 14, da yaƙin gadon sarautar Sifen ya cinye mishi baitulmali, ya kafa doka cewa cinikin gida ko na gona sai an shigar da shi littafin hukuma an biya ɗaya cikin ɗari. Juyin juya halin 1789 ya share haƙƙin iyayen ƙasa, amma na gwamnati sai ma ya gyara mishi zama. Dokar 12 ga Disamban 1798 ce ta tsara kuɗin rajista yadda muka gaje shi: a kai takardar ciniki ofis cikin wa'adi, ma'aikaci ya rubuta ta a littafi, ya buga mata kwanan wata da hatimi, ya karɓi kaso gwargwadon farashin. Har gobe Bafaranshen da ya sayi tsohon gida yana ƙara kusan bakwai zuwa takwas cikin ɗari a kan kuɗin. Suna ce mishi kuɗin noter, amma mafi yawansa haraji ne.

Idan muka duba da kyau, abin da gwamnati ke yi a nan shi ne sayar da shaidarta. Kwanan watan da ta buga ba mai iya musunsa. Wanda ya biya ya sami shaidar da ba ta mutuwa, ba ta mantuwa, kuma ba ta jin kunyar suruki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, mun san yadda shaidar baki ke juyawa idan mai ƙara ya fi wanda ake ƙara ƙarfi a gari. Amma shaida ce mai tsada, kuma mai nisa.

Da Turawan Faransa suka kama ƙasashenmu sun zo da wannan, sun haɗa mishi da wani abu na biyu da suka aro daga Ostireliya. A 1858 wani mai suna Robert Torrens ya kafa tsarin littafin ƙasa a kudancin Ostireliya: kowane fili da shafinsa, da lambarsa, da taswirarsa, kuma sunan da ke kan shafin shi ne mai filin, magana ta ƙare. Tsari ne da aka ƙera a ƙasar da Turawa suka ɗauka tamkar ba ta da masu ita. Faransa ta gwada shi a Tunisiya a 1885, ta kai shi Madagaska a 1897, sannan dokar 24 ga Yulin 1906 ta shimfiɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. An sake mishi fasali da dokar 26 ga Yulin 1932, kuma ita ce uwar takardar da muke ce ma titir fonsiye. Ƙa'idarta ita ce da zarar an shigar da fili littafi, takardar ta zama ta dindindin, ba a tayar da ita. Wanda aka yi ma zamba sai dai ya bi diyyar kuɗi, filin ya tafi. Daga ranar kuma duk canjin hannu, saye ne ko kyauta ko gado, sai an koma littafi an canza suna an biya.

A gefe guda dokar 1904 ta ce duk ƙasar da ba kowa a kai kuma ba ta da mai ita ta gwamnati ce, ta 1935 ta ƙara da wadda aka bari shekara goma ba a aikata ba. Ku dubi abin da wannan ke nufi ga manomin da ya bar saura ta huta, balle makiyayin da ba ya barin alamar garma a ƙasa. Sai a 1955, mulkin ya zo gangara, aka juya maganar aka ce gwamnati ce za ta kawo hujjar cewa wuri ba shi da mai shi. An kuma buɗe ma ƴan ƙasa ƴan ƙananan ƙofofi. Dokar 2 ga Mayun 1906 ta ba mutum biyu damar su rubuta yarjejeniyarsu su kai ma kumandan ya tabbatar, ta 1925 kuma ta ba mai gonar gado damar a rubuta haƙƙinsa na al'ada.

Amma kada mu zuzuta, kusan ba wanda ya bi ta waɗannan ƙofofin a ƙauyukanmu. Da yaƙe-yaƙe suka lafa mutane suka fito daga ganuwa suka bazu cikin daji, kowa da gatarinsa. Sunayen garuruwanmu ma sun isa shaida, Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane, yawancinsu sunan wanda ya fara sara ne ya gina rijiya. Mai iya samun sabuwar gona da gatari me zai kai shi gaban kumandan da takarda? Shi ma kumandan ɗin gonar ba ta dame shi ba. Abin da ya dame shi lanho ne, da ƙirgar kawuna, da aikin tilas, da gyaɗa. Manomi na noma gyaɗa don ya biya lanhon kansa da na iyalinsa, hukuma ta sami kuɗinta ba tare da ta auna ko taƙi ɗaya na gonarsa ba. Littafin ƙasa kuwa na can babban birni, Yamai, tafiyar sama da kilomita ɗari shida daga Maradi. Masu amfani da shi su ne kamfanonin Turawa da Kwara masu kantuna da rumbunan gyaɗa.

Inda awon hukuma ya taɓa talaka kai tsaye shi ne bayan ambaliyar 1945, da Gulbin Maradi ya cinye tsohon garin Maradi da na Tsibiri da ke cikin fadama. Aka mai da garuruwan kan tudu, hukuma ta ja layuka ta yanka wurin gida-gida. Daga nan ne mutanenmu da yawa suka fara zama a filin da igiyar awon hukuma ta yanka, ba wanda kaka ya sara ba. Bambancin da muke yi yau tsakanin gona da filin lotisma, wanda ke da lamba da taswira a ofis, tushensa ke nan a yankinmu.

Ƴancin kai ya zo da nashi. Tun kafin 3 ga Agustan 1960, a ranar 25 ga Mayun wannan shekarar, gwamnatin Diori Hamani ta yi dokar da ta haramta karɓar ɗaya cikin goma na amfanin gona da kuma ushira. A 1962 wata dokar ta soke fifikon da sarakuna ke da shi a kan gonakin sarauta. Dokokin sun fi taɓa yammacin ƙasar, inda masu noma gonar wani ke biyan dami mai yawa, amma na ƙasa duka ne. Abin lura shi ne sabuwar gwamnati ta hana sarki rabonsa na canjin hannu, ita kuwa ta riƙe kuɗin rajista da littafin Torrens yadda Faransa ta bar su. A ƙauye dai abin bai tafi ko'ina ba, suna ya sake, ya koma goro, ya koma gaisuwa, ya koma kuɗin sa hannu.

Sai Seyni Kunce ya karɓi mulki a watan Afrilun 1974. A jawabinsa na 18 ga Disamban wannan shekarar ya sanar cewa duk gonar da mutum ke nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Niyyar ta kare talaka ce, kuma akwai waɗanda ta kare. Amma dattawanmu sun san ɗaya fuskar. Masu gona suka tsorata da aro, wanda ya ba da aron shekara da shekaru ya nemi hanyar karɓe abinsa, sabon aro ya koma na damina ɗaya ko biyu, a sake ma mutum wuri kafin ya yi saiwa. Jawabi ne, ba doka a rubuce ba, amma shari'o'in da ya haifa sun daɗe ana yin su. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka soke lanhon kai na ƙasa, aka bar na gunduma.

A wannan tsakanin ne ƙasa ta sami farashi. Fari na 1973 da 1974 ya zo, gyaɗa ta faɗi, yunwar 1984 da muke ce ma El-Buhari ta biyo baya, jama'a kuwa sai ƙaruwa take. Masu bincike irin su Claude Raynaut, da suka zauna cikin ƙauyukan jihar Maradi a waɗannan shekarun, sun rubuta abin da iyayenmu ke gani da ido: daji ya ƙare, saura ta ƙare, gandu na rabewa, kuma gona ta shiga kasuwa. Wanda rumbunsa ya ƙare kafin damina ya jinginar, wanda ya kasa fansa ya sayar. Masu saye su ne alhazan Maradi, ma'aikata, da manoman da suka fi ƙarfi a cikin garin. A Cadawa da Agye da Gazawa noman aya ya ƙara ma jigawa daraja. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumomin nan uku sun haura mutum dubu 900, a ƙasar da Barth ya ratsa yana ganin daji.

Da ciniki ya yawaita sai mutane suka ƙirƙiro takardarsu. Malami ya rubuta da ajami, ko ɗan lakol ya yage shafin kaye ya rubuta da Faransanci: wane ya sayar ma wane da gonarsa kuɗi kaza, a gaban wane da wane. Maigari ya dangwala ko ya buga hatimi, a ba shi goro. Ba awo, ba littafi, ba haraji. Mai saye ya linke ta ya sa cikin adaka. Wannan ƴar takarda ita ce ta fi kowace yawa a yankinmu har yau, kuma muna ganin ba wauta ce ta sa aka yi ta ba. Mutane sun nemi shaida a rubuce, ta gwamnati ta yi musu tsada da nisa, suka yi wadda za su iya. Illarta ita ce ba inda aka ajiye kwafinta. Gara ta ci, ko wuta ta tashi, ko mai gonar ya sake sayar ma wani da sabuwar takarda mai hatimi iri ɗaya, shi ke nan.

Matsin ƙasar bai tsaya ga ciniki ba. Gonaki suka ci burtali da makiyaya, har abin ya kai mu ga ranar da ba ma son tunawa. A ƙarshen watan Oktoban 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, aka kashe mutane fiye da ɗari a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, yawancinsu mata da yara na makiyaya. Allah ya jiƙansu. Tun 1986 aka fara aikin tsara dokar karkara, amma bayan Toda ba wanda ke iya cewa maganar ba ta gaggawa ba ce. A ranar 2 ga Maris 1993, lokacin riƙon ƙwarya, aka sa hannu kan dokar da muka fi sani da kod rural.

Babban abin da wannan doka ta faɗa shi ne haƙƙin da mutum ya samu ta al'ada da wanda ya samu ta rubutacciyar doka kariyarsu ɗaya. Wato gonar gado mallaka ce, ko ba titir. Ta kuma kafa hukumomin kula da ƙasa, Kofo. An fara da Mirya da Maine Sorowa a 1994, aka bi gundumomi, sannan a 2005 aka tsara na komin da na ƙauye. Ta gunduma prefe ke shugabanta, ta komin magajin gari, ta ƙauye kuwa, Kofob, maigari ne tare da sakatare da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Ita Kofob ce ke ba da takardar shaidar gonar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, haya da jingina. Ana zuwa a ga gonar, a kira maƙwabtan iyaka, a yi shela ko akwai mai ja, sannan a rubuta a ajiye kwafi. Mu da ke aikin rediyo mun sha karanta irin waɗannan sanarwoyin. A Ɗan Saga, cikin Agye, garin da aka sani da renon itatuwa cikin gona, aikin PPILDA da asusun FIDA ya ba kuɗi ya gwada auna gonakin gari da rubuta masu su ɗaya bayan ɗaya, don a ga ko abin zai yiwu da kuɗin da talaka zai iya.

A taƙaice kod rural ta ɗauki ƴar takardar kaye ta ba ta littafi da gida. Abin da ake biya a Kofob ladan aiki ne, na takarda da zirga-zirga, kuma ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Ba shi ne harajin rajista ba, ita ma takardar ba titir ba ce.

Sauran ya zo da sauri. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya kawo magadan gari, su kuma suka tarar yanka filaye da sayar da su shi ne hanyar kuɗin da ta fi kusa. Takardar da gidan magajin gari ke ba mai filin lotisma ita ce akt da sesiyon, kuma idan an sayar akwai kuɗin canjin suna da komin ke karɓa. A 2006 gwamnati ta fito da titir mai sauƙi, ta sa mishi suna da Hausa, Sheda, don ta amsa da kanta cewa tsohuwar hanyar ta fi ƙarfin mutane. A 2011 Gazawa ta rabu da Agye ta zama gunduma. A 2012 aka tattara dokokin haraji cikin kundi guda, kuma a shekarun da suka biyo baya an sha rage kuɗin canjin hannu don a jawo mutane.

To yau wanda ya so ya bi hanyar har ƙarshe, ga abin da ke gabansa. Takardar ciniki za ta je ofishin haraji a yi mata rajista, a biya kaso cikin ɗari na farashin, a manna tambur, kuma idan wa'adi ya wuce akwai tara. A bisa saba mai saye ne ke ɗaukar wannan. Mai sayarwa shi ma doka ta sa mishi haraji a kan ribar da ya ci tsakanin yadda ya samu da yadda ya sayar. Idan filin na da titir, ko ana son a yi mishi, sai mai awo da ladansa, noter da ladansa, sannan ofishin Domen da kuɗin shigarwa ko na canza suna a littafi. Ga mutumin Gangara ko na Cadakori akwai wani harajin da ba a rubuta a kundi ba, kuɗin mota zuwa Maradi, da kwana, da "dawo jibi".

A nan ne muke son mu ja hankali, don a nan mutane ke cutar kansu. Tun da harajin kaso ne na farashi, sai mai saye da mai sayarwa su haɗa baki a rage kuɗin a takarda. A ce an sayi fili miliyan biyu, a rubuta jika ɗari biyar. Ofishin haraji na da ikon ya ce farashin bai yi daidai da darajar wurin ba, ya sake ƙiyasi ya ɗora tara. Amma ba wannan ne babban haɗarin ba. Sau nawa muka ji an sayar da gonar gandu da ba a raba ba, wani ɗan'uwa ya dawo daga Legas ko Libiya ya kai ƙara, aka rushe cinikin aka ce a mai da ma mai saye kuɗinsa? Wane kuɗi za a mai da mishi? Wanda ke rubuce. Ya tsere ma ƴan jikuna na haraji ya sa miliyan ɗaya da rabi a bakin rijiya da hannunsa.

Sannan akwai ƙa'idar da ke cikin dokar tsarin shari'a tun 1962, har waɗanda suka gaje ta: rigimar gona da al'ada ake yanke ta, sai fa idan filin na cikin littafin ƙasa, ko an tabbatar da canjin hannunsa ta hanyar da doka ta sani. Ma'ana, ranar da mai takarda mai rajista ya haɗu da mai shaidun baki, ba fili ɗaya suke kokawa ba. Mai kuɗin Maradi da ya sayi gona a bakin Tsibiri ya san haka, shi ya sa yake biyan harajin da murna. Wanda bai sani ba shi ne manomin da ya jinginar a yunwar 2005 ba a rubuta ba, yau ƴaƴan mai jinginar na rantsuwa saye ne. Haka matan da gamanarsu ke ƙanƙancewa. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka yi a kudancin Maradi a tsakiyar shekarun 2000 ya nuna yadda matsin ƙasa ke fitar da mata daga noma. Rabon gadon da mace ta samu ta bari a hannun yayanta ba takarda, shi ne na farko da ke ɓacewa idan aka zo ciniki. A ganinmu ga irin waɗannan mutanen takardar Kofob ta fi komai gaggawa, don ita ce suke iya kaiwa gare ta, kuma ita ce matakin da ake takawa idan wata rana an so titir.

Ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka, Jibiya da Katsina da Sabon Birni, hanyarsu daban ce amma inda ta ɓulla kusan ɗaya. Ingila ta ɗora ƙasar Arewa a hannun gwamna tun 1910, dokar 1978 ta zamanin Obasanjo ta shimfiɗa hakan a Najeriya duka. Mai takardar mallaka ba ya sayarwa sai da yardar gwamna, ga kuɗin yardar, ga na hatimi, ga na rajista. Su ma yawanci a takardar mai unguwa da dagaci suke tsayawa.

Mun ce ushira za ta dawo. A ƙarshen 2017, da ake muhawarar kasafin kuɗin 2018, maganar haraji a kan gado na cikin abubuwan da suka tayar da ƙura, ƙungiyoyin farar hula suka fita titi a Yamai, malamai suka yi magana. Mutanen da ke biyan la'adar dillali da goron maigari ba gardama, da aka taɓo dukiyar mamaci sai suka ce a'a. A watan Fabrairun 2018 aka yi babban taron ƙasa kan filayen karkara, a 2021 gwamnati ta amince da sabuwar manufa a kansu, kuma sauƙaƙa ma talaka samun takarda na cikin abin da ta yi alkawari.

Gado dai shi ne inda sarƙar ta fi tsinkewa, har ga waɗanda suka taɓa bin hanya. Uba ya sha wahala ya yi titir ko akt da sesiyon da sunansa, ya rasu, magada suka raba a zaure suka shafa fatiha, ba wanda ya koma ofis don gudun kuɗin canjin suna. Ɗaya ya sayar da rabonsa da takardar kaye, wanda ya saya ya sayar ma wani. Na ukun ne zai je neman bashin banki ko izinin gini a ce mishi ya kawo mai sunan, ko ya tattaro magadansa duka su sa hannu, kuma ya biya abin da aka tsallake a baya. Shi littafin Domen sunan da aka rubuta na ƙarshe kawai ya sani, ko da mai sunan ya shekara ashirin a kabari.